Wasiƙa Daga Iloilo: A Nan Totuwar Ayaba Ma Miya Ce

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara da su Umma baki ɗaya. Mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah. Kin sha tambayata me muke ci a ƙasar nan ta Filifin, yaya kuma cefane yake, ni kuwa kullum a tsaitsaye nake ba ki amsa, domin hirar waya ba ta barin mutum ya baje magana. Yau na sami sarari daga makaranta, na ce bari in rubuta miki a tsanake. Akwai kuma abu guda da nake so ki isar wa maigidanki, tunda shi ne mai lambu a Kadawa, na kuma san akwai ayaba jere a bakin magudanar ruwansa.

Kin san gangar ayabar nan da ake sarewa bayan an yanke nono, a jawo ta gefen gona a bar ta ta ruɓe? To, mutanen nan cin tsakiyarta suke yi. Miya suke yi da ita, miya ta gaske wadda ake fitar wa baƙo, kuma a kasuwa ana baje ta ne kusa da kabewa da kuɓewa. Ubad suke ce mata. Ni totuwar ayaba nake kiranta a gida, kuma ba na daɗewa ban ɗora ta ba.

Garin da muke, Iloilo, yana tsibirin Panay ne a tsakiyar ƙasar Filifin, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgin sama daga Manila. Ƙasar tsibirai ce sama da 7,000, kowane yanki da harshensa da tukunyarsa. Ubad abincin mutanen wannan yanki ne, wato lardunan Iloilo da Capiz da Aklan da Antique da maƙwabtansu. A Manila za ki iya samun babban mutum da bai taɓa sa ta a baki ba. A 2023 hukumar UNESCO ta sa Iloilo cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a girki, kuma suna ji da wannan sosai. Sai dai abincin da suke fara ambata idan ana wannan magana, taliya ce da romo mai suna batchoy, da naman alade ake yin ta, ba tamu ba ce. Abin da ya zama namu a teburinsu shi ne kifi, da ganye, da kaza, da wannan totuwa.

Abin da muke kira itacen ayaba ashe ba itace ba ne. Gindin ganyaye ne suka naɗe juna, ɓawo kan ɓawo kamar albasa. Idan aka yi ta ɓarewa, koren ya wuce, a zo kan mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, can ciki sai a tarar da wata sanda fara sol, mai sanyi, mai taushin da farce yake shiga. Ita ce ubad. Ayaba kuwa sau ɗaya take haihuwa. Da zarar an yanke nononta, uwar ta gama aiki, dole a sare ta domin 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta su sami wuri. Ke nan manomi bai yi asarar komai ba idan ya ciri tsakiyar, abin da zai zubar ne ya zama kuɗi. Wasu masu girki sun fi son ta matashiyar ayaba wadda ba ta kai ga haihuwa ba, domin ta fi laushi, kuma ko a nan ma ana samun ta ne lokacin da ake rage 'ya'yan da suka yi wa gindi ɗaya yawa.

Ba kowace ayaba ake ci wa totuwa ba. Suna da iri-iri: lakatan mai zaƙi da ƙanshi wadda cikinta ya yi ja-ja, latundan mai siririn ɓawo, da wata 'yar mitsitsiya da ake kira señorita. Amma ta girki ita ce saba, gajeruwa mai kauri mai kusurwa-kusurwa. Ba agada ba ce, ko da yake ita ma dafawa ake yi ko a soya. Totuwar saba ce kowa ya yarda da ita, wasu irin kuwa ɗaci gare su. Ayabar da suke fitarwa waje, wadda ake kai wa Japan da Chaina da Koriya ta Kudu daga manyan gonakin Davao a kudancin ƙasar, wannan harkar kamfanoni ce. Saba ita ce ta bayan gida, kowa yana da ita a kangonsa.

Ranar Alhamis ce ranar kasuwar Jaro, unguwar da ke kusa da mu, kuma ranar ce mutanen ƙauye suke shigo da kaya tun duhun asuba. A nan ne na fi ganin bambancin kasuwarsu da tamu. Ubad iri biyu ake sayarwa. Akwai guntu-guntu, tsawon kamu ɗaya ko fiye, ki kai gida ki gyara da kanki. Akwai kuma wadda aka riga aka yanka, aka cire zare, aka matse, aka ƙulla a ƙaramar leda, ke dai ki ɗauraye ki zuba a tukunya. Matar da nake saye a wurinta, dattijuwa ce, Manang muke ce mata kamar yadda ake kiran kowace mace da ta girme ka a nan. Tana zaune bakinta yana ciniki hannunta yana yanka, ba ta ko duban wuƙar. A gaskiya ba totuwa take sayarwa ba, aikin hannunta take sayarwa, domin abin da kansa kusan kyauta take samun sa.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne, kuma shi ne sirrin miyar. Ana yanka ta siriri-siriri, zagaye-zagaye. Duk yanka ɗaya sai ki ga wani zare mai laushi yana biyo wuƙar yana miƙewa, idan aka bar shi a ciki yana harɗewa a haƙori ya ɓata cin. Sai ki naɗe shi a yatsa ki janye, ko kuma ki zuba yankakkiyar a ruwa ki sa tsinke ki yi ta juyawa, zaren ya yi ta naɗewa a jikin tsinken kina zarewa, har ya daina kamawa. Daga nan ki barbaɗa gishiri, ki murza da ƙarfi har ta saki, ki matse ruwan ki zubar, ki ɗauraye. Wannan matsar ce take fitar da bauri. Idan aka bar ta a iska takan yi duhu nan da nan, saboda haka kina yankawa kina jefawa a ruwa, in da hali da ɗan lemun tsami a ciki. Ki kuma sa tsohon zane, domin ruwan jikin ayaba idan ya taɓa tufa, tabon ba ya fita.

Ita kanta ba ta da wani ɗanɗano mai ƙarfi. Amfaninta shi ne tana shan romo. Duk abin da ke cikin tukunyar, ƙanshin kaza da citta da tsami, sai ya shige ta, ga shi kuma ba ta narkewa, tana nan da ɗan garas-garas a baki.

Mafi sauƙin girkin shi ne kaza da ubad kawai. A soya albasa da tafarnuwa da citta, a zuba kaza ta ɗan sha mai, a tsaida ruwa, a ƙulla ciyawar nan mai ƙanshin lemo da masu shayi suke sakawa, su tanglad suke ce mata, a jefa ƙullin a ciki. Sai kazar ta kusa nuna a zuba totuwar. Wanda ya fi wannan suna a Iloilo shi ne kadyos, manok kag ubad, wato wake da kaza da totuwa. Kadyos wani ƙaramin wake ne da ke fitowa a jikin ɗan itace, shi ne wanda Igbo suke kira fio-fio, ana samun busasshensa a Sabon Gari. Nasu na nan baƙi ne, yakan mai da romon ya yi duhu mai ruwan makuba. Tsamin miyar kuma daga batwan yake zuwa, wani ɗan itace kore, dunƙulalle, mai tauri, da ake jefawa ɗungurungum ya dahu ya fashe a ciki. Tsaminsa bai kai na tsamiya kaifi ba, a hankali yake shiga. Mutanen yankin nan da ke aiki a ƙasashen Larabawa da Turai har niƙaƙƙensa ake aika musu a kwalba.

Na uku shi ne wanda ya fi kwanta min, na mutanen Aklan ne a arewacin tsibirin, inubaran. Wannan da madarar kwakwa ake yin sa. Kaza, totuwa, citta, ciyawar ƙanshi, da ganye mai tsami, sai a kwarara madarar kwakwa a rage wuta ta yi kauri. Wata abokiyar karatuna 'yar Kalibo, babban garin Aklan, ce ta koya min shi, kuma ita ce ta nuna min wani ganye da suke tsamin miya da shi mai suna labog. Da na murza na ɗanɗana, Yaya, sai da ƙwalla ta taru min, domin ɗan uwan yakuwa ne sak.

Ba shi kaɗai ba ne. Zogale yana nan a kusan kowane gida, balunggay suke ce masa. Lalo yana nan, tugabang. Alayyafo, kuɓewa, kabewa, tsamiya, rogo, dankali, gyaɗa, duk akwai. Suna da wata miyar ganye ta yau da kullum mai suna laswa, wadda idan aka sa lalo da kuɓewa a ciki har yauƙi take yi, sai dai ba daddawa ba manja, kuma da shinkafa ake ci. Madadin daddawa suna da guinamos, ƙananan jatan lande da aka daka da gishiri aka bari suka yi ƙarfi. Warinsa daban ne, amma aikinsa a tukunya ɗaya ne da na daddawa.

Dalilin da ya sa miyar totuwa ta shiga raina shi ne lissafin da ke cikinta. Kazar da ake yin ta da ita kazar gida ce, darag suke kiran irin nasu, daidai take da kazar Hausa: ga ɗanɗano, ga tauri, ga ƙarancin tsoka, ga tsada fiye da ta gidan gona. Kaza ɗaya irin wannan ba za ta ishi babban gida ba. Amma idan aka zuba mata ubad mai yawa, kowane cokali yana ɗauke da abin taunawa mai ɗanɗanon kaza, kowa ya tashi ya san ya ci miyar kaza. Kuma ba sa ɗaukar ta abincin talauci da za a ɓoye. Ana yin ta ranar bikin gari, gidajen abinci masu tsada suna rubuta ta a takardarsu. Ina tuna yadda Umma take raba kaza ɗaya a gidanmu ranar Juma'a, tana ƙirga kawuna tana ƙirga yanka, na san da ta san wannan dabarar da ta yi maraba da ita.

A matsayina na mai karatun jinya ba zan ce miki magani ce ba. Yawancinta ruwa ne da harza, tana taimaka wa ciki ya saki, amma ba ta maye gurbin nama ko wake. Akwai ɗaliban kudancin Indiya da yawa a makarantun likitanci na ƙasar nan, su ma suna cin ta a can gida, har suna cewa ruwanta yana maganin tsakuwar ƙoda. Wannan zancen gargajiya ne, kada wani ya ji ya ƙi zuwa asibiti.

Maganar kaza ta kawo ni kan abin da ya fi mana wahala, wato halal. Musulmi a ƙasar nan ba su kai kashi 7 cikin 100 ba, yawancinsu kuma suna kudu ne a Mindanao. A Iloilo akwai 'yan kasuwa Musulmi 'yan ƙabilar Maranao, masu sayar da waya da tufafi, su ne muke haɗuwa da su a masallaci, kuma su suka fara nuna mana inda ake samun yankan Musulmi. Amma abin da muka fi yi shi ne mu sayi kaza da ranta maigidana ya yanka. Ƙananan gidajen abinci suna ko'ina, carinderia, tukwane a jere ki nuna wadda kike so, ga araha ga tsafta daidai gwargwado. Sai dai alade ya shiga girkinsu ta ko'ina: kitsensa, romonsa, har dunƙulen ɗanɗano akwai na alade. Miyar ganye zalla ma sai kin tambaya. Jimlar da na fara haddacewa a harshensu ita ce "May baboy ini?", wato akwai alade a ciki? Kuma na yaba musu, ba sa ɓoyewa. Idan akwai, za su gaya miki, wata ma har ta ba ki haƙuri. Miyar kadyos ɗin nan ma tana da 'yar uwa da ake yi da alade, wadda ta fi ta yawa a kasuwa, don haka ni a gida nake yin tawa.

A fagen nama, Yaya, mun fi su nesa ba kusa ba. Naman sa yana da tsada, akuya sai an nema, rago kuwa kusan babu, da Babbar Sallah akuya ko saniyar haɗaka ake yi. Ba nono, ba kindirmo, ba man shanu. Kusan duk madarar da suke sha daga waje ake shigo da ita, yawanci ta gari. Gero da dawa ba kasafai ake cin su ba. Shinkafa ce safe da rana da dare, kuma duk da cewa lardin Iloilo yana cikin manyan masu noma ta, ƙasar tana sahun gaba a duniya wajen sayo shinkafa daga waje, musamman daga Biyetnam. Farashinta siyasa ne a nan. A watan Satumba na 2023 sai da shugaban ƙasa ya ƙayyade shi da doka, peso 41 (kuɗinsu ke nan) kilo na gama-gari, peso 45 na mai kyau, na ɗan lokaci.

Kayan miya ma haka. Tumatirinsu ƙanana ne, ba ja sosai, ba a ganin kwando-kwando irin na Yankaba. Ba attaruhu ba tattasai irin namu, sai wani ƙaramin barkono mai zafi dangin tsiduhu. Albasa kuwa, a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ta yi tsadar da kilo ɗaya ya kai peso 600 zuwa 700, ya fi kilon kaza. Matafiya suka riƙa cuso ta a akwati daga ƙasashen waje. A wani gari a lardin nan na Iloilo har amarya ta riƙe damin albasa a madadin furanni ranar aurenta, labarin ya zagaye duniya. Duk lokacin da aka tuna wannan sai in tuna buhunan albasar Aliero da ta Galmi da ke ruɓewa a rumbu saboda rashin wurin ajiya.

Ƙarancin tumatir ɗin ne ma ya haifar musu da wani abu da za ki yi mamaki. Jan miyar kwalba da ake ci da soyayyen abu, wato ketchup, tasu da ayaba ake yin ta. Saba ake niƙawa da sukari da ruwan tsami da kayan ƙanshi, a sa mata launi ja. Ana danganta ƙirƙiro ta ga wata masaniyar kimiyyar abinci mai suna Maria Orosa, wadda ta rasu a yaƙin Manila a 1945, kuma har yau kwalbar tana kan teburin kusan kowane gida. Su da ba su da tumatir sun nemi mafita a ayaba. Mu da muke da shi, maigidanki ya fi ni sanin yadda ake shanya shi a ƙasa a bakin titin Kwanar Gafan idan kasuwa ta faɗi, rabi ya zama kauɗa rabi ya lalace. Wannan abu yana ci min rai.

Abin da ya fi burge ni a kasuwarsu shi ne awo. Komai da kilo ne, shinkafa, kifi, albasa, kuma farashin yana rubuce a kwali an soke a kan kayan. Bayan haka akwai sikelin jama'a da hukuma take ajiyewa a cikin kasuwa, Timbangan ng Bayan, wata doka ta 2022 ta wajabta shi. Idan kin yi shakkar awon da aka yi miki, ki je ki ɗora kayanki a kai, kyauta. Ba wai babu masu ha'inci ba, akwai su, lokaci-lokaci a ƙwace sikelin da aka murɗe. Amma mai saye yana da inda zai je ya tabbatar. Mu kuwa kwanon Dawanau daban, na cikin unguwa daban, wani an bubbuge gindinsa, wani an yanke bakinsa, kowa ya sani kowa ya yi shiru. Mu ne muke karanta Suratul Muɗaffifina tun muna makarantar allo, ya kamata a ce mu ne muka fara kafa irin wannan sikeli a Kurmi da Rimi da Singa.

Ta wajen gyara da sakin fuska a ciniki kuwa, namu ya fi yalwa. A nan tayi kaɗan ne, abin da aka rubuta kusan shi ne. Sai idan kin zama suki, wato mai saye na kullum, sannan za a riƙa ƙara miki ɗan abu, a ajiye miki mai kyau a ƙarƙashin tebur. Manang takan ƙara min ƙullin tanglad ko batwan biyu-uku, ta ce, "Inday, wannan na miyarki ne."

Hidimar cikin kasuwa ma abin koyi ce. Mai kwakwa yana da inji: ki zaɓi kwakwarki, ya fasa, ya kankare ta a injin, in kina so ya matse miki madarar nan take. Matsayin da injin markaɗe yake da shi a wurinmu, shi injin kwakwa yake da shi a nan. Mai kifi zai kankare ya fasa ciki ya yanka ba ƙarin ko sisi. Da yawa daga masu tebur suna karɓar kuɗi ta waya da wata manhaja mai suna GCash. Na dawo gida kuma in hau jeepney, doguwar motar haya mai benci biyu suna fuskantar juna, ana miƙa kuɗin hannu zuwa hannu har ya isa wurin direba, canji ma ya dawo ta haka.

Wuta tana nan kusan kullum, idan za a ɗauke don gyara sai an sanar a Facebook tun kafin ranar. Amma ba aljanna ba ce. Ranar 2 ga Janairun 2024 tsibirin Panay gaba ɗaya ya faɗa duhu na kwanaki, har majalisar dattawa ta zauna a kai. Kuɗin wutar kuma yana da nauyi ƙwarai, yana cikin mafi tsada a wannan yanki na Asiya. Gas ana kawo shi har ƙofa a kan babur da saƙon waya ɗaya, tukunya mai kilo 11, a ɗauki fankon a ajiye cikakkiya. Sai dai ba a ɗura miki kilo ɗaya ko biyu gwargwadon kuɗinki kamar yadda ake yi a Kano, dole ki sayi tukunya guda. A nan tsarinmu ya fi tausayin mai ƙaramin ƙarfi. Shi ya sa kazar gida mai daɗewa a wuta kowa a kan gawayi yake dafa ta, ni ma haka nake yi, kuma miyar ta fi daɗi a haka. Ruwan sha sayen sa ake yi a manyan jarkoki shuɗaye daga shagunan tacewa da ke kowane layi.

Abin da ba mu da shi, kuma muke roƙon Allah kada mu san shi, shi ne guguwar teku. Kusan 20 ne suke shigowa yankin ƙasar a shekara. Wadda aka yi a Nuwamban 2013, Yolanda, ta ratsa arewacin tsibirin nan ta kashe dubban mutane a faɗin ƙasar. Ayaba ba ta da saiwa mai zurfi, ita ce farkon faɗuwa idan iska ta taso. Matar da muke haya a gidanta ta ce min bayan kowace guguwa, idan hanya ta yanke kasuwa ta tsaya, gangar ayabar da ta zube ita ake ɓarewa a ci, a kuma ɗaure gangunan a yi abin haye ruwa da su. Tun da na ji haka na daina kallon ubad a matsayin kayan marmari.

Sauran jikin ayabar ma ba a zubarwa. Jan furen nan da ke lilo a ƙarshen nono, puso, ana yanka shi a dafa da madarar kwakwa, ana kuma sa shi a wata miyar gyaɗa tasu mai kauri da ake kira kare-kare. Ganyen na ƙunshe abinci ne. Ɓawon gangar ana daddatsa shi a ba dabbobi. Akwai kuma wata 'yar uwar ayaba, abaka, wadda ba a cin 'ya'yanta, zarenta ake cirewa a yi igiyar jirgin ruwa da takardar ƙullin shayi, har a takardun kuɗinsu akwai shi, kuma ƙasar nan ce take samar da mafi yawansa a duniya.

To, ga saƙona ga maigidanki. Idan ya tashi sare ayaba, kada ya bar gangar ta kwana a ƙasa. A ɓare ta a ranar har a kai ga farar tsakiyar, a kawo miki. Ki fara gutsurar ɗan kaɗan ɗanye ki tauna: bauri ba komai, gishiri da matsa za su fitar da shi, amma idan ɗaci ne mai kama maƙogwaro, wannan irin ba na ci ba ne, a gwada wani gindin. Tunda irin ayabarmu ba saba ba ce, gwajin nan shi ne matakin farko, kuma in akwai agada a lambun a gwada tata ma. Kada a ɗauko daga inda aka yi feshin magani kwanan nan, ko inda ake ban ruwa da ruwan kwata. Nasa da ruwan Tiga yake sha, wannan ba damuwa.

Kwakwa tana da tsada a Kano, ba sai kin neme ta ba. Na gwada a nan da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, na bi hanyar miyar taushe: kazar gida, albasa, citta, tafarnuwa, barkono, ɗan ganyen labog a madadin yakuwa, na zuba totuwar bayan kazar ta yi laushi, na kawo gyaɗar daga ƙarshe. Ta yi kyau ƙwarai, maigidana da tuwon shinkafa ya ci. Ke da kike da daddawa da attaruhu da yakuwa ta gaske, taki za ta fi tawa. In kina son ta wake, farin wakenmu ya isa, ki sa tsamiya kaɗan. Idan ta karɓu a gidanki, ki kai wa Umma ta ɗanɗana kafin ki gaya mata ko mene ne, sannan ki nuna wa matan da ke aiki a lambun yadda ake cire zaren, domin su ne za su fi amfana, ko su ci ko su ƙulla su sayar.

Akwai wani ɗalibi ɗan unguwarmu da zai dawo nan bayan hutu, zan turo miki lambarsa ta waya. Don Allah ki haɗa masa kuka, da daddawa a naɗe ta sosai a leda biyu saboda wari, da busasshiyar kuɓewa, da garin yaji, da kanwa kaɗan. Kada ki sa kilishi ko dambun nama, ba a barin nama ya shigo ta filin jirgi, ƙwacewa za a yi. Ki gaida Umma da kyau, ki ce ta ci gaba da sa mu a addu'a, jarrabawa ta kusa.

Ƙanwarki,
daga Iloilo.